Jan Fentin da Ke Jikin Gorar Yaya

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran wan matata, wanda ni da ita da duk wanda ya raɓe mu muke kira Yaya. Ya cika a ɗakinsa, a kan gadonsa, yana da shekara saba'in da uku, bayan jinyar da ba ta kai wata guda ba. Na faɗi inda ya cika ne saboda mutum uku sun tare ni a hanya suna tambaya ko ruwa ne ya ci shi. Ba ruwa ba ne. Ya yi shekara hamsin da ɗoriya yana gyaran injinan jirage a bakin tafki, kullum yana shiga yana fita, amma ruwa bai taɓa ɗauke masa ko hula ba, balle ran wanda ya hau jirginsa.

Yaya, ka san ni tela ne, almakashi na sani ba biro ba. Abin da ya zaunar da ni rubutu wata magana ce da aka yi a ƙofar gidanka kwana biyu bayan mun kai ka. Muna zaune muna karɓar gaisuwa, sai Dogo mai sayar da taya, abokin fatsarmu na shekara talatin, ya share ido da hannun riga ya ce, "Allah Ya jiƙan Bi-Gefe. Mutumin kirki na ƙarshe, sai dai fa tsoron ruwa." Da ƙauna ya faɗa, jama'a kuma suka yi ɗan murmushi suka ce amin. Ni ma na sunkuyar da kai na ce amin, alhali na fi kowa sanin ba ka tsoron ruwa. Sunan nan ni na raɗa maka shi, kuma mai tsoron ruwa a jirginka ni ne, domin ban iya iyo ba. Ban gyara maganar a gaban mutane ba, saboda haka zan sa a takarda, don kada a ci gaba da tuna ka da abin da ba halinka ba.

Asalin abin ya kai shekara talatin da takwas, lokacin da nake neman ƙanwarka. Baba, mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, masunci ne na gaske. Yana zaune yana ɗinkin taru na zo gaishe shi, ya dube ni daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba tunda ni gajere ne, ya ce, "Tela, ka iya ruwa?" Da na ce a'a, na tabbata dariya kawai zai yi ya ba ni 'yarsa. Amma ƙuruciya da son a yaba suka riga hankali isowa baki, na ce, "Ai Baba, a bakin kogi aka haife ni." Ban yi ƙarya gaba ɗaya ba. Akwai kogi a bayan garinmu, sai dai wata tara a shekara yashi ne zalla, sauran ukun kuma mahaifiyata ba ta bari in je kusa. Kana gefe a kan tabarma, ka wargaza wani inji gunduwa-gunduwa, ko kai ba ka ɗaga ba.

Da a nan maganar ta tsaya da sauƙi. Amma tela yana wuni a zaune, ƙafa na taka keke, baki ba shi da aikin yi, shagona kuwa bai taɓa rabuwa da 'yan hira ba. A hankali kogin garinmu ya yi ta faɗi a bakina, har na fara ƙetare shi da damina. Dogo da Akawu, wanda ke aiki a ofishin da ke kallon shagona, su suka fi kowa shan labarin. Wata rana Dogo ya ce tunda surukaina na da jirgi, ni kuma gwanin iyo ne, me zai hana mu riƙa zuwa fatsa ranar Asabar? Na yi ta kawo uzuri har uzuri ya ƙare mini. Daga ƙarshe na zo na same ka, ina addu'a a raina ka ce ba ka da lokaci, sai ka ce to, Asabar mai zuwa.

Ana saura kwana uku ka shigo shagona, abin da ba ka saba ba. Ka ce yadi kake so ka saya mini, na riƙe maka ƙanwa shekara takwas ba ka taɓa yi mini kyauta ba, nawa ne tsawona daga kafaɗa zuwa ƙasa? Na ce inci hamsin da biyu, ko daga barci aka tashe ni zan faɗa. Ka rubuta a tafin hannunka ka fita. Yadin kuwa ya zo, shuɗi mai kyau, na ɗinka na sa har ya koɗe, ban ƙara tuna zancen ba.

Asabar ɗin farko mun iso da sassafe muka tarar ka riga ka tura jirgi bakin ruwa. Ƙaramin jirgi ne na ƙarfe, mai cin mutum huɗu, da ɗan inji a baya. A kan kowace kujera ka ajiye rigar kariya, irin mai hana mutum nutsewa. A gefe ga filafilai biyu, ga wata doguwar gora da aka zagaye da jan fenti a wuri ɗaya, fentin ma bai gama bushewa ba. Ka tsaya ka dube mu ka ce, "Ku ji tun yanzu, ni matsoracin ruwa ne. Wanda bai sa riga ya ɗaure ba, ya zauna a tudu ya jira mu. Ba a miƙewa tsaye a jirgina. Inda kuma na soka gorar nan ruwa ya haura jan nan, ba na tsayawa, ko kifi na tsalle yana faɗowa ciki."

Allah kaɗai Ya san sanyin da ya ratsa ni. Na yi kwana uku ban ci abincin kirki ba don fargaba, ga shi an sauke mini kayan ba tare da na roƙa ba. Mai hankali shiru zai yi ya gode wa Allah. Ni kuwa, don kada a ga farin cikina, sai na fi kowa ƙorafi. Na ce rigar na shaƙe ni, na ce a garinmu ko yara ba sa sa irin wannan. Da muka tashi ka bi gefen tafkin, ciyawar bakin ruwa na gogar jirgi, na ce, "Yaya, wannan ai ba fatsa muka zo ba, rakiyar gaɓa muka zo. Daga yau sunanka Bi-Gefe." Dogo ya yi dariya har da buga cinya, kafin wata ya zagayo sunan ya kai kasuwa. Kai ma ka yi dariya, ka ce sunan ya dace da kai.

Haka muka yi shekara talatin, kuma ban san wasu ranaku a rayuwata da suka kai Asabar ɗin nan daɗi ba. Akawu ke kawo shayi a filas da burodi, Dogo ke haƙo tana, ni nake kawo surutu. Kowa da kujerarsa, ba a canzawa: Dogo a gaba, ni da Akawu a tsakiya don nauyinmu kusan ɗaya ne, kai a baya wurin inji. Sai mu isa wata 'yar kwana da itatuwa suka yi wa inuwa, ka kashe inji, ka soka gora, ka zaro ka duba inda ta jiƙe, sannan ka jefa ƙarfen da ke riƙe jirgi. Karfasa muke kamawa da 'yan tarwaɗa. Wata rana mu cika bokiti, wata rana mu koma gida da tanarmu. Dogo ya yi ta hangen tsibirin da ke tsakiyar tafki, inda masunta ke fito da giwan ruwa, yana cewa tsoron mutum ɗaya ya tsare masa arziki. Kai dai ka gyara ƙugiyarka ka ce, "Ka yi haƙuri da ni, Dogo, haka Allah Ya yi ni."

Kafin mu tashi sai ka leƙa gida ka gaya wa Hajiya, matarka, inda za mu tsaya da lokacin da za mu dawo, kuma ba ta taɓa duba agogo ta ga lokacin ya wuce ba mu iso ba. Idan iska ta juya, ka hangi ruwan can ƙetare ya yi duhu-duhu, sai ka ce a naɗe, ko da kifi ya fara ci ke nan. Mun sha naɗe igiya muna gunaguni, sama garau, mu iso tudu, kafin mu gama ɗaure jirgi hadari ya rufe tafkin. Ba ka taɓa juyowa ka ce ai na gaya muku ba.

Sau ɗaya tak ka bar wani ya shirya maka jirgi. An kawo maka inji da gaggawa a safiyar, ka ce Akawu ya tura jirgi ruwa kafin ka wanke hannu. A ƙasan jirgin ta baya akwai ɗan rami da ake zare toshiyarsa idan an ja shi tudu, don ruwan sama ya tsiyaye. Akawu, mutumin da bai taɓa manta kwanan wata ba, ya manta toshiya. Ba mu yi nisa ba na ga burodi na yawo a gefen ƙafata. Ka dubi ƙasa, ka danna diddigenka a kan ramin, ka juya jirgi a hankali, ka ce Dogo ya kwance robar da ke ɗaure a ƙarƙashin kujerarsa ya fara kwarfa. Muka iso da jiƙaƙƙun wanduna, Akawu na ta ba da haƙuri, ka ce ya bari, laifinka ne da ka bar abin a hannun mantuwa. Washegari ka ɗaure toshiyar da makullin inji a igiya ɗaya, ta yadda ba wanda zai ɗauki makulli bai ga toshiya ba. Yau in mutum ya zagaya bakin tafkin zai ga rabin masu jirage haka suke yi, yawancinsu kuma ba su san wa ya fara ba.

Rumfarka ta aiki ba ta canza ba tun da na san ta: benci da baƙin mai ya rine, gwangwanayen madara cike da notuna, da rabin ganga cike da ruwa inda kake gwada inji. Ba ka sakin inji sai ya yi rabin sa'a yana aiki a gangar nan, ko mai shi na tsalle yana cewa kifi zai wuce shi. A bango ka kafa ƙusoshi ka rataye tsofaffin rigunan kariya guda shida, duk mai shiga ruwa ya ɗauka, in ya fito ya mayar, ba ka ko tambayar sunansa. Ina wurin ranar da wasu baƙi suka zo shan iska, su tara suka cusa kansu a jirgin mutum biyar. Ka je ka riƙe igiyar jirgin ka ƙi saki. Suna faɗa maka baƙaƙen maganganu kana ba su haƙuri, amma igiya na hannunka, har huɗu suka gaji suka sauko. Ka ajiye aikinka ka ɗauki huɗun bibbiyu a naka jirgin ka zagaya da su, suka rabu da kai suna sa maka albarka.

Kowace shekara kafin damina kake kawo mini rigunanmu huɗu in sake ɗinkin igiyoyinsu. Har ka sa na ƙara wa kowace wata igiya mai bi ta tsakanin ƙafafu, don kada riga ta zame ta kai idan mutum ya faɗa ruwa. Mun yi wa wannan igiya dariya ba kaɗan ba, Dogo ya ce ka mai da mu jarirai. In na gama ɗinki sai ka rataya kowace a ƙarfen rumfar shagona ka ja da ƙarfinka. Mai ruwan lemo ita kake daɗewa a kai, har ka saki nauyinka duka a jikinta, kuma kullum ita nake tararwa a kujerata. Duk ina ganin wannan da idona, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Ranar da na farga, shekara goma sha biyu ke nan. Hantsi ne, ruwa kwance lumui. Wani abu ya ja igiyar Dogo har sandarsa ta lanƙwashe, ya kwatsa ihu cewa yau giwan ruwa ya biyo shi har gefe. Ya manta doka ya miƙe da duk tsawonsa, ni kuma na leƙa ta wannan ɓangaren don in ga abin da ya kama. Jirgi ya karkata, ban san yadda aka yi ba sai na ji ni tsundum a ruwa. Yaya, ranar na ga mutuwa da idona. Rigar ta ɗago ni nan take, amma ni ban san ta ɗago ni ba. Ina ta dukan ruwa da hannu biyu, ina haɗiya, ina neman salati ya ƙi fitowa. Duk wanda ya kalle ni na daƙiƙa biyar zai gane ban taɓa iyo ba tun da aka haife ni.

Ba ka bari sun samu daƙiƙa biyar ɗin ba. Na ji muryarka a samana, ba ihu ba gaggawa, kamar mai cewa a miƙo masa sufana: "Tela, kar ka yi iyo, igiyar Dogo ta naɗe maka ƙafa. Dogo, zauna. Tela, sauke ƙafarka ƙasa ka tsaya." Gora ta taɓa ƙirjina na cafke ta. Na sauke ƙafa, sai na ji laka. Na miƙe tsaye a cikin tafkin, ruwa bai ko kai mini kafaɗa ba. Ka hana ni hawa ta gefe don kada mu kife gaba ɗaya. Ka zagayo da ni ta baya, inji a kashe, ka sa Dogo ya danne gaba, ka jawo ni ciki da igiyar rigar da na ɗinka da hannuna. Kifin ya tsinke ya yi gabansa. Har kwanan nan Dogo na ba da labarin yadda igiyarsa ta hana gwanin iyo nuna gwanintarsa, alhali ba abin da ya taɓa ƙafata sai laka.

A rumfarka ka ba ni wandonka na aiki, na naɗe ƙafafunsa sau uku, ka zuba mini sauran shayi. Su Dogo na waje suna shanya kaya. Na riƙe kofin, na ce, "Yaya, ni fa akwai abin da..." Ka ce, "Sha shayinka, Tela, zai huce." Ka juya ka ci gaba da goge filogi. A nan na san ka sani, kai ma ka san na gane. Daga ranar ban ƙara kiranka Bi-Gefe ba, amma ban hana kowa ba, ban kuma gyara ba. Na yi ta gaya wa kaina cewa kai ne ba ka so a tada maganar. Gaskiya dai hakan ya yi mini daɗi, na lafe a bayanka shekara goma sha biyu ina ji ana ce maka matsoraci, kuma ina jin kunyar wannan fiye da kunyar rashin iya iyo.

Da ciwo ya kwantar da kai, kullum ina zuwa in na tashi daga shago. Ba ka yi raki ba ko sau ɗaya. Asabar ɗinka ta ƙarshe ka tambaye ni me ya hana mu zuwa tafki, na ce wa zai ja mu? Ka ce Akawu ya iya inji, kai ka koya masa, makulli na rataye inda yake. Na sake ɗauko maganar, na ce ina so ka yafe mini wani suna da na sa maka. Ka yi murmushi ka ce, "Suna ne kawai, bai taɓa hana ni cin abinci ba. Kai dai ka riƙa ɗaure igiyar ƙasan rigar nan." Kwana uku bayan haka ka tafi.

Ranar da Dogo ya yi maganarsa, da jama'a suka watse, Hajiya ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida, gorarka jingine da bango. Ta ce, "Na ji abin da aka faɗa a waje. Shi bai taɓa damuwa ba, amma ni ina damuwa. Kai tela ne, auna." Tef ba ya barin aljihuna. Na kwantar da gorar a ƙasa na auna daga gindinta zuwa jan fenti, na samu inci hamsin. Ta nuna mini sama da shi kaɗan, inda aka kankare wani tsohon zagaye har ya kusa ɓacewa. Na matsa da tef, inci hamsin da biyu cif. Ta ce shekara biyar da suka wuce ka sauko da shi, ka ce Tela ya fara ranƙwafawa. Na zauna a ƙasa kusa da gorar.

Ita ta gaya mini sauran. Kowace Laraba bayan sallar asuba, har ka kai shekara sittin da biyar, kake shiga ruwa ta bayan gida ka yi iyo zuwa tsibirin nan da Dogo ke hange, ka huta ka dawo. Ita ke bin ka a baya da jirgi tana tuƙa filafili, sanye da rigarta, don ka ce ko gwani ba ya shiga ruwa mai zurfi ba mai kallonsa. Tsofaffin masunta duk sun sani, shi ya sa ban taɓa jin ɗayansu ya kira ka da sunan nan ba. Mu 'yan cikin gari ne muka yi ta yawo da shi.

Na koma gida da gora a kafaɗa, na zaunar da ƙanwarka na ce ina da maganar da na ɓoye mata shekara talatin da takwas. Ta ajiye abin da ke hannunta, fuskarta ta canza. Da na faɗa sai ta ce, "Haba Maigida, wannan ce maganar? Mutumin da in ruwan sama ya taru a ƙofar gida sai ya zagaya ta bayan layi? Ai ranar da ka gaya wa Baba, kana fita ya yi dariya har ya ƙware." Ta yi dariya, karo na farko tun rasuwarka, dariyar ta koma kuka, na taya ta duka biyun.

Jiya na tura ƙofar shago na karanta wa Dogo da Akawu abin da na rubuta zuwa nan. Akawu ya cire tabarau yana ta gogewa. Dogo ya dube ni ya ce, "Wato kai ne, gajere. Shekara talatin ina yi wa bawan Allah gori, ashe kai ka hana ni giwan ruwana." Ya ɗauki gorar ya jera ta da ni, ya ga inda jan ya tsaya, sai ya juya mana baya kafaɗunsa na rawa. Da ya nutsu ya tambayi Akawu ko makulli na nan da toshiyarsa. Asabar za mu, in Allah Ya kai mu, kuma shi da bakinsa ya ce gefe za mu bi.

Saboda haka duk wanda ya san Yaya da sunan nan, a kasuwa ko a bakin tafki, ina roƙonsa ya gyara. Mutumin ya iya ruwa fiye da duk wanda na sani. Ya haƙura da tsakiyar tafki kowace Asabar, ya ɗauki gorin da ba nasa ba, don mijin ƙanwarsa ya shiga jirgi da mutuncinsa ya kuma koma gida da ransa. Wanda ke sha'awar kiran sunan, ga mai shi nan zaune a shago, ya zo ya kira, zan amsa.

Yaya, ba baƙin ciki ne ya fi yawa a raina ba. Ka yi tsawon rai, ka ci halalinka, ka cika a hannun iyalinka da kalmar shahada a bakinka, mu kuma ka bar mu da Asabar fiye da dubu da za mu riƙa tunawa. Allah Ya jiƙanka da rahamarSa, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Yadda ka rufa mini asiri a duniya, Allah Ya rufa maka naka ranar da asirai ke tonuwa, Ya ƙetarar da kai lafiya, Ya sa Aljanna ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, wadda ta bi shi da filafili shekara da shekaru ta kuma riƙe bakinta don ya roƙe ta; Allah Ya ba ki haƙuri, ki kuma yafe mini. Ina yi wa 'ya'yansa biyar da jikokinsa ta'aziyya, da ƙanwarsa uwar 'ya'yana, da Dogo da Akawu, da masunta da masu jiragen da za su zo rumfa da inji a kafaɗa su tarar ba ya nan. Rigunan nan shida suna rataye inda ya bar su, na duba ɗinkinsu da kaina, mai shiga ruwa ya ɗauka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Ƙaninka,
Bi-Gefe